Sumalak ɗin Shuhrat da Duwatsu Bakwai

Mijina Shuhrat, Allah ya ƙara masa lafiya, bai taɓa ganin aikin da ya fi ƙarfinsa ba, muddin a hannun wani ya gan shi. In ana gini, shi ya san inda katanga za ta karkace. In ana yanka rago, shi ya san wuƙar ba ta da kaifi. Direban ƙaramar bas ne tsakanin Margilan da Fargana, kuma ina jin fasinjojinsa sun sha labari fiye da yadda motar ta sha mai.

Da annobar korona ta zo aka kulle gari, sai motar ta kwanta a ƙofar gida ƙarƙashin tsohon bargo, labarin kuwa duk ya dawo kanmu.

A lokacin 'ya'yanmu shida. Gulnoza ce babba, sai Doniyor, sai tagwaye Hasan da Husan waɗanda ba su san zama ba, sai Nodira mai bin kowa da kuka, sai jaririyar da ta zo ana tsakiyar kulle. Ni ina cikin arba'in, ba fita, ba baƙo. Duniyata duka ita ce tagar ɗaki mai kallon tsakar gida. Surukata, wadda muke kira Oyi, ta tafi Tashkent a duba mata ido da niyyar kwana uku, aka rufe hanya tana can gidan 'yarta.

Abin da ya rage mana a gida buhun fulawa ne guda da jarkar man angurya. Mota ba ta fita, ba abin da ke shigowa. Kullum da safe nakan ɗebi daidai na ranar in gasa wa yara gurasa a kasko, in ɗaure bakin buhun, in kalle shi, shi ma ya kalle ni. Na san in aka yi hankali zai kai mu buɗe hanya. In ba a yi ba kuwa, bakuna takwas ne.

Kafin Oyi ta tafi ta jiƙa alkamar sumalak, wato kunun tsiron alkama mai kauri da zaƙi, ta baza a faifai, kamar yadda take yi duk shekara in Nauruz, bikin sabuwar shekararmu, ya matso. Ita ce ke dafa wa unguwarmu. Mata kan taru a gidanmu da babbar tukunya, kowace ta kawo nata garin da nata man, a yini a kwana ana tuƙi ana waƙa, da safe a raba gida-gida. Bana kuwa an hana taro. Alkama dai ba ta san doka ba, ta yi tsiro fari tas, ta cika faifai.

Oyi ta bugo waya tana share ido. "Ku zuba wa kaji kawai. Bana babu rabo."

Shuhrat ya karɓe wayar daga hannuna. "Kaji? Oyi, ina raye? Mene ne a cikin sumalak ban da wuta da juyi? Mata talatin ke taruwa saboda gulma, ba saboda aiki ba. Ni kaɗai zan dafa, ga runduna Allah ya ba ni."

Rundunar tana nan a lokacin, Hasan ya cusa kansa a bokiti, Husan yana buga bokitin da ludayi.

"Ɗana, ba ka taɓa dafa ko ƙwai ba."

"Saboda ba a taɓa ba ni fili ba."

Ni dama ba mai magana ba ce. Shekara goma sha ɗaya a unguwar nan, har yanzu amarya ake kirana, kuma akwai maƙwabtan da suka rantse ba su taɓa jin muryata ba. Sai da ya ajiye wayar na ce a hankali, "Baban Gulnoza, da wace fulawar?"

Ya dubi buhun, ya dube ni. "Maman Gulnoza, ki bar lissafi ga masu lissafi."

Kafin in ƙifta ido ya hau tsani ya tsaya a kan rufin ɗakin girki, ya ja takunkuminsa ƙasa. "Jama'ar unguwa! Kada kowa ya damu! Bana sumalak daga hannun Shuhrat yake. Ba na neman garin kowa, ba na neman man kowa. Ku dai ku wanke bakinku ku jira!"

Mutane sun gaji da zaman ɗaki, ko kyanwa ce ta yi tari sai an leƙo. Kan Muazzam hola, wato inna Muazzam, ya fara ɓullowa ta katangar dama. Gwauruwa ce, ita ce mataimakiyar Oyi a bakin tukunya, harshenta kuma ya fi allura.

"Shuhratjon, kai ne? Na ɗauka hukuma ce ta zo da sabuwar doka."

"Ni ne, hola. Bana ki huta."

"Zan huta. Ka dai sa amarya ta ajiye lambar 'yan kwana-kwana kusa."

Ta katangar baya kuma Toshmat aka, wato yaya Toshmat, ya leƙo, dattijo mai tumaki, da butar shayinsa a hannu. "Ni dai ina da tambaya ɗaya. Dafa shi za ka yi, ko labari za ka ba shi har ya nuna?"

Aka yi dariya daga rufi zuwa rufi. Shuhrat ya sauko yana murmushi, don shi duk dariya yabo ce.

Ranar jajibere aka fara da niƙan tsiro. Mata kan niƙa shi a injin nama na hannu, a hankali, ana tace ruwan da ƙyalle. Shuhrat ya ce wannan aikin zamanin da ne. Ya cire mariƙin injin ya haɗa shi da na'urar huda katako. Ya jera yara bisa tsawo, ya ba Gulnoza muƙamin mai zubawa, Doniyor mai riƙe roba, tagwaye masu gadi.

"Gadin me, Baba?" in ji Hasan.

"Gadin Nodira."

Ya danna. Injin ya yi wani irin ihu, ya zabura daga kan tebur, ya fesa farin ruwa tun daga bangon ɗakina har gemun Shuhrat. Doniyor ya jefar da roba ya ruga. Nodira ta ƙwala kuka, jaririya ta amsa mata daga ciki. Masu gadi kuwa suka kwanta a ƙasa suna birgimar dariya.

Muazzam hola ta leƙo. "Lafiya? Farar ƙasa kuke shafawa?"

"Gwaji ne, hola. Injin ne bai saba da gudu ba."

Ƙarshe dai Gulnoza ce ta mayar da mariƙin, ta niƙa da hannu har la'asar, shi yana tsaye a kanta yana koya mata.

Sai maganar duwatsu. Kowa ya san ba a ɗora sumalak sai da duwatsun rafi bakwai masu santsi a gindin tukunya. Su ke birgima in ana tuƙi su hana kamu, kuma wanda ya tsinci ɗaya a kwanonsa ya roƙi Allah buƙatarsa. Na Oyi na bara duk an raba. Shuhrat ya ce yanzu zai je rafi ya dawo. Ya sa hularsa ya fita da buhun leda.

Ban gama shayar da jaririya ba na ji muryar ɗan sandan da aka ajiye a bakin layinmu.

"Ina zuwa, aka?"

"Rafi, ɗan'uwa. Aikin gaggawa."

"Mutuwa aka yi?"

"Duwatsu zan ɗebo."

"Duwatsu. To, koma gida, in an buɗe gari za ka tarar da su, ba sa gudu."

Ya dawo yana cewa ya ƙyale yaron ne kawai don kada ya rasa aikinsa. Ya zagaya tsakar gida yana tona ƙasa da ƙafa, ba komai sai ɓaraguzan bulo. Daga nan na ga ya nufi katangar baya, wajen da ta gajarta, kusa da turken tumakin Toshmat aka. Ya duba hagu, ya duba dama, ya kwanta da ciki a kan katangar ya miƙa hannu. Jim kaɗan sai ga shi da duwatsu cike da riga, manya, ruwan toka, sumul kamar an goge su da mai.

Ya ɗaga ɗaya a bakin taga. "Kin taɓa ganin irin wannan a rafi? Allah ke ciyar da mai rabo har gida. Tsohon nan ya tara su a kan katako bai san darajarsu ba."

Ni dai abin da na lura da shi, babban ragon Toshmat aka ya ɗora ƙafafunsa na gaba a kan katanga yana ta kuka, idonsa a kan rigar mijina. Da Shuhrat ya matsa ya kore shi, sai ragon ya kama lasar hannunsa.

"Kin gani? Har dabbobi sun san mutumin kirki."

Na ce, "Baban Gulnoza, ko a tambayi Toshmat aka..."

"A tambaye shi dutse? Dutse na Allah ne."

Washegari da sassafe aka ɗora babbar tukunya a murhu. Ya juye man angurya har ɗigon ƙarshe, ya jefa duwatsunsa. Sai ya shigo ɗaki ya rungumi buhun fulawa.

A nan ne na yi abin da ban saba ba, na riƙe bakin buhun. "Ka bar mana ko kwano uku. Yara."

"Maman Gulnoza, unguwa guda na yi wa alkawari daga kan rufi. So kike a ce Shuhrat ya yi sumalak tsararo? Shi kansa abinci ne. Sati biyu za mu yi muna ci, yaran nan har sai sun yi kumatu."

Ya ɗauka ya fita. Ina kallo ta taga ya zazzage buhun a cikin ruwan tsiro, har ya kakkaɓe shi ya juya cikinsa waje. Na koma na gyara wa jaririya shimfiɗa.

Zuwa hantsi unguwa ta cika a sama. Kowa a kan nasa rufin ko tasa katangar, da takunkumi, da matashin zama, da butar shayi. Wasu har da 'ya'yan kabewa na ɓantara.

Shuhrat ya tuƙa na ɗan lokaci da doguwar muciyar Oyi, yana ɗaga kafaɗa don a gani. Da hannu ya fara tsami sai ya sanar cewa yanzu za a ga ilimi. Akwai lilon yara a reshen bishiyar tut da ke kusa da murhu. Ya ɗaure kan muciyar da igiya a jikin katakon lilon, ya rataye tsakiyarta a wani reshe, ya ɗora tagwaye.

"In sun je, ta juya. In sun dawo, ta juya. Yara na wasa, tukunya na tuƙuwa, ni ina shan shayi. Hola, a ina kika taɓa ganin haka?"

"Ban taɓa ba, ɗana. Kuma ina roƙon Allah ya sa na ƙarshe ke nan."

Gaskiya sai da abin ya yi aiki kaɗan. Har wani ya tafa daga can nesa. Shuhrat ya shimfiɗa darduma ya kishingiɗa, ya soma ba Toshmat aka labarin yadda ya taɓa tuƙa mota daga Andijan babu birki.

Matsalar ita ce tagwaye ba su san a hankali ba. Hasan ya ce shi ya fi zuwa sama, Husan ya ce ƙarya ne. Doniyor ya zo ya tura su don a raba gardama. Lilo ya tashi. Muciyar ta kwaso wani curi mai zafi ta wurga shi ƙetaren katanga, ya sauka ɗaf a kan farin zanin gadon da Muazzam hola ta shanya.

"Na samu rabona tun ba a sauke ba!" ta yi ihu. "Shuhratjon, Allah ya saka da alheri, sai dai ni a kwano nake ci!"

Kafin ya miƙe igiya ta tsinke. Muciyar ta yi tsalle sama, ta juya sau biyu a iska, ta faɗa cikin magudanar ruwan bayan gida, ruwa ya yi gaba da ita. Tagwaye suka zube kan darduma suka kifar da shayi. Nodira, da ba abin da ya taɓa ta, ita ta fi kowa kuka.

Daga nan da shebur aka ci gaba. Ya wanke shi dai, wannan na shaida.

Hayaniyar ce ta jawo ɗan sanda. Ya buga ƙofa ya leƙo fuska a murtuke. "An ce ana taro a gidan nan."

Shuhrat ya nuna sama da shebur. Ɗan sandan ya ɗaga kai ya ga jama'a jere a kan rufi, kowa a haddin gidansa, tsakaninsu ya fi taku goma. Ya daɗe yana kallo, kamar mai neman inda dokar ta karye, bai samu ba.

"Kai ne mai duwatsu?"

"Ni ne. Kuma na samu, ba da taimakonka ba."

"To, a ajiye mini kwano ɗaya."

Da azahar rana ta yi zafi, tukunya ta soma kauri, shebur ya soma nauyi. Gumi ya jiƙe Shuhrat sharkaf. Ya kira Gulnoza ta karɓe shi, ta ce tana wanke tsummokin jaririya. Ya kira Doniyor, ya tuƙa sau uku ya ce yana da darasi a talabijin. A duk zaman kullen nan ranar ce kaɗai na ga yaron nan ya nemi karatu da kansa.

Ni kuwa wani abu ke damuna. Shekara da shekaru ina jin tukunyar Oyi, kuma tana da murya. In muciya ta zagaya, duwatsu kan yi ƙwal-ƙwal a gindi kamar ana wasan dara. Da safe na ji ƙarar. Da hantsi ta ragu. Yanzu babu ita sam, sai ɓul-ɓul kawai.

Na tura taga. "Baban Gulnoza, ban ji duwatsu ba."

"Saboda hannuna mai laushi ne. Mata ke buga tukunya kamar ganga."

Muazzam hola ta ɗaga takunkumi ta shaƙi iska. "Ni kuwa ƙauri nake ji."

"Ƙamshi ne, hola, hancinki ne ya tsufa."

"To ɗanɗana mana mu ji."

"Gwani ba ya ɗanɗano. Da ido yake gani. Kuma ba mai sa harshe a tukunyar nan sai gobe, kowa lokaci guda."

Ya kafa wa yara doka, duk wanda ya lasa ba shi ba rabo. Da la'asar Oyi ta kira ta bidiyo. Ya karkata wayar yadda ba za ta ga shebur ba.

"Ya yi duhu da wuri," in ji ta. "Ka sa duwatsu?"

"Bakwai, Oyi, santala-santala."

"Daga ina, ana kulle?"

"Oyi? Oyi? Layin na yankewa." Ya kashe da babban yatsa, ina gani.

Haka ya yi ta fama har aka janye itace aka rufe tukunya da barguna. Ya shigo hannayensa a sanƙare kamar na mai ɗauke da kankana biyu, ko cokali ya kasa riƙewa, sai Gulnoza ce ta ba shi shayi a baki. Duk da haka yana cewa, "Gobe za a san ni."

Gari ya waye, rufi ya cika fiye da jiya. Shuhrat ya sa doguwar rigarsa ta biki. Ya sa aka fito da kwanukan aurena masu zanen furen auduga, waɗanda tun da aka kawo ni suna cikin kabad ban taɓa ci a ciki ba. Aka jera su a kan tabarma.

Ya yaye barguna, ya ɗaga murfi. A al'ada mata kan tsaya su duba zanen da ya fito a fuskar sumalak, wata ta ga ɗawisu, wata ta ga fure, a ce alamar shekara ce. Shuhrat ya leƙa ya buga ƙirji.

"Motata! Wallahi ga ta nan har da fitilu. Za a buɗe hanya!"

Muazzam hola ta miƙa wuya daga katanga. "Ni kan rago nake gani."

Aka zuba. Sai da ya danna ludayi da ƙafa kafin ya shiga. Ya ɗaura kwando a doguwar sandar kaɗe 'ya'yan itace, yana miƙa kwano kan katanga, maƙwabci ya miƙa wa na gaba, har unguwa ta samu. Na ɗan sanda aka tura masa ta ƙarƙashin ƙofa. Yara na zaune a jere, kowa da nasa, suna haɗiyar yawu.

Mutane suka soma laluben kwano da yatsa.

"Wa ya samu dutse?" wani ya tambaya daga can.

Ba wanda ya samu.

"Sun nutse ƙasa," in ji Shuhrat. "Masu nauyi ne. To, jama'a, bismillah! Kowa lokaci guda!"

Ban taɓa ganin unguwa guda ta tofar da abu lokaci ɗaya ba sai ranar. Daga rufi zuwa rufi kake jin tuf, tuf, kamar an fara ruwan sama. Wani tsoho ya kafa kai a butar shayi. Ɗan sanda a waje yana tari yana salati. Tagwaye suka goge harshe da rigar juna. Nodira ta buɗe baki za ta yi kuka, gishiri ya hana ta.

Shuhrat ya kai nasa baki. Na ga idanunsa sun kawo ruwa, maƙogwaronsa ya hau ya sauka. Ya haɗiye. "Irin na mutanen da ne," ya ce da ƙyar. "Yana kashe cuta."

"Zai kashe mai cutar ma," in ji Muazzam hola. "Ɗana, teku ka dafa mana?"

Toshmat aka kuwa ya dubi kwanonsa. Ya sake lasar yatsa, ya yi tunani, ya juya ya dubi katakon da ke gefen turkensa. Sai ya ajiye kwano a hankali.

"Shuhratjon. Duwatsun nan naka. Ruwan toka ne?"

"E."

"Masu santsi?"

"Sosai."

"A kan katakona?"

"Dutse dai na Allah ne, aka."

"Gishirin tumakina ne, ɗan albarka! Kwana biyu ina zargin yaran layi! Santsin da ka gani, harshen ragona ne ya yi shi, tun kaka yake lasa!"

Ihun da ya tashi, ina jin har Fargana an ji. Wata mata ta kusa faɗowa daga rufi, mijinta ya riƙe ta da ɗankwali. Kuma kamar ya ji an ambace shi, ragon ya ja da baya, ya zabura, ya haure gajeriyar katangar, ya nufi tukunya kai tsaye. Shuhrat ya tare shi da hannayen da ba sa lanƙwasuwa. Ragon ya bi ta tsakanin ƙafafunsa, ya ɗauke shi a baya, ya zagaya bishiyar tut da shi yana kallon wutsiya, ya sauke shi zaune a cikin robar tsummokin jaririya. Sannan ya tura kai cikin tukunya ya kama lasa, ido a lumshe.

"Ga wanda ya tsinci dutsen!" in ji Muazzam hola. "A bar shi ya roƙi buƙatarsa!"

Ɗan sanda ya leƙo ta ƙofa, hawaye a fuska. "Aka, da na sani da na raka ka rafin da kaina."

Na yi dariya, ban ɓoye ba. Amma da rufi ya watse, aka janye rago, gida ya yi tsit, sai idona ya faɗa kan buhun da ke rataye a ƙusa, cikinsa a waje. Tukunyar kuwa, abin da ke gindinta baƙin ƙanzo ne mai kaurin tafin hannu. Shuhrat ya shige ɗaki ya kwanta ya juya wa duniya baya. Tun da na san shi ban taɓa jin ya yi shiru haka ba, har sai da na ji babu daɗi.

Husan ya zo ya ja zanina. "Mama, gurasa."

"Yanzu," na ce. Ban san daga ina ba. Na buɗe kabad, na rufe. Na sake buɗewa, kamar wani abu zai tsiro a ciki.

Can wajen azahar na ji ana ƙwanƙwasa katanga da sanda. Gulnoza ta fita. Sai ga ta da kwanona mai furen auduga, an wanke shi tas, cike da fulawa har ta yi tozo.

Muryar Muazzam hola ta biyo baya. "Amarya! Kwano ba ya komawa gidansu wofi, ko da guba aka kawo a ciki. Karɓi."

Ba a jima ba wani ya biyo, da shinkafa. Wani da ƙwai a cikin ƙaiƙayi. Wani da wake, wani da busassun 'ya'yan itace, wani da gurasa biyu masu zafi daga tanderu a kife a kai. Hanyar da kwanuka suka bi suka tafi, ta nan suka dawo, katanga zuwa katanga, kowanne da saƙonsa. Wannan ya ce a gaida injiniya. Wancan ya ce a ce wa Shuhratjon hawan jininsa ya gode. Wasu ma ba kwanukana ba ne, sai na gane unguwa ta lura da buhun da aka kakkaɓe jiya a gabanta. Har ɗan sanda ya turo nasa da kwalin shayi. Toshmat aka ya miƙo kitsen wutsiyar rago da kwalbar mai, ya ce a ba shi abin da ya rage a tukunya, tumakinsa sun samu na lasa har baɗi.

Na tsaya a bakin ƙofar ɗaki, jaririya a kafaɗa, ina kallon tabarma ta cika. Yara sun riga sun yagi gurasa. Na goge ido da bakin ɗankwali don kada su gani.

Ƙamshin gurasar ne ya fito da Shuhrat. Ya tsaya ya dubi kwanukan ɗaya bayan ɗaya. Ina kallo kafaɗunsa suka soma tashi, ƙirji ya dawo mazauninsa.

"Maman Gulnoza," ya ce da ƙarfi, yadda katanga za ta ji, "kin ga abin da nake gaya miki? Buhu ɗaya na zuba, ga abin da ya dawo. Wannan shi ne lissafi. Da ya yi zaƙi, da goro ɗai-ɗai za su sako mana. Ni na san abin da nake yi tun farko."

A saman fulawar Muazzam hola akwai wani ɗan ƙulli. Na kwance. Dutsen rafi ne, baƙi, mai santsi, na tukunyar Oyi ta bara.

Shuhrat ya karɓe ya ɗaga shi sama. "Ga shi kuma har dutsen ya zo hannun mai shi! Baɗi in Allah ya kai mu, da wannan zan fara, tukunya biyu zan ɗora."

Ban san lokacin da maganar ta fito ba, kuma ashe da ƙarfi ta fito.

"Baban Gulnoza, lasa tukuna mu tabbatar."

Sai bayan katangar dama ya fashe da dariya, na baya ya amsa, har rago ya sa baki.

"Jama'a, ku fito!" Muazzam hola ta yi ihu. "Amarya ta yi magana!"

Shuhrat ya dubi dutsen, ya dube ni, ya dubi katanga. Sannan ya juya baya kaɗan, yadda yake zaton ba mai ganinsa, ya lasa.